Baba Kaftin da Tayoyin da Ba a Sauke Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina bakin aiki a asibiti, bayan sallar Azahar, wani direba ya kira ni daga Sana'iya, unguwar masana'antu, ya ce Allah ya yi wa Malam Haruna rasuwa. Yana cikin shan shayi a gareji ya dafe ƙirji, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Washegari muka yi masa sutura a nan Doha.

Baba Kaftin muke ce masa, ko da yake yakan ce ko anini ɗaya bai taɓa sawa a kafaɗa ba. Shi ne shugaban direbobin wani kamfani, maƙwabcina kuma a Wakra. Yana ɗingishi da ƙafar hagu. In jirgi ya taho sauka ta saman teku sai ya katse zance, ya bi shi da ido har ya ga tayoyinsa sun fito. Na ji ƙishin-ƙishin cewa ya koyi tuƙin jirgin soja lokacin yaƙin basasa, amma ban taɓa tambaya ba sai da larura ta kama ni.

Ɗana Nasiru ne ya gama sakandare ya kafe sai tuƙin jirgi. Ni kuwa tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Wata Juma'a na ja shi gidan Baba, da niyyar ya ba shi labarin da zai sa ya haƙura.

Labari kam ya bayar. Ya ce a lokacin yaƙi horo a gurguje ake yi. An ɗauke su daga ƙaramin jirgin da tayoyinsa kullum a waje suke, aka sa su a wanda sai an sauke masa su. Hatsarin da ya gani da idonsa duk wajen sauka ne. Wani abokinsa ya taho da gudu fiye da kima, ya ji kunyar sake zagayawa don kada 'yan'uwa su yi masa dariya, ya sauka a haka, bai tashi ba. Na saci kallon Nasiru, sai na tarar tambayoyi yake jerowa, Baba kuma yana zana filin jirgi da yatsa a kan darduma.

Sannan ya zo kan labarin ƙafarsa. Ran nan malaminsa ne ke tuƙi, shi yana gefe. Ya ga sarai ba a sauke tayoyi ba. To amma a gidansu yaro ba ya gyara wa babba, don haka ya ja bakinsa, yana cewa a ransa ai malam ya fi shi sani. Jirgin ya ja ciki a kan kwalta, wuta ta tashi, da ƙyar aka zaro su. Bai sake tuƙi ba.

"Har gobe mamakin bakin nan nawa nake," in ji shi. "Ladabi ne, amma ba wurinsa ba ne."

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ya miƙe ya ce yalla, wato mu tashi, ya kai mu tashar masunta mu sayi kifi. Ya sa Nasiru a gaba, ya ja motar tana nishi, ƙaurin roba ya fara tashi. Na ga birkin hannu a ɗage, na yi shiru, don wa zai koya wa shugaban direbobi tuƙi? Nasiru ko ƙiftawa bai yi ba.

"Baba, ba ka sauke birki ba."

Ya taka birki mota ta tsaya, ya juyo gare ni yana murmushi.

"Khalas, shi ke nan, Malam Isa. Wannan yana da baki. Ka bar shi ya tafi."

Na yi fushi da shi, har na ƙaurace wa gidansa na ɗan lokaci, shi kuwa bai fasa aiko mana da kifi ba. Daga baya na amince. Yau Nasiru yana makarantar koyon tuƙin jirgi, sauran kaɗan a bar shi ya sauka shi kaɗai. Tsoron bai bar ni ba, wanda yake kwantar min da hankali kuma ya tafi.

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya yafe masa kurakuransa, ya sa can ta fi masa nan. Allah ya ba matarsa Hajiya da yaran da ya bari a Kaduna haƙurin rashinsa. Allah ya sauke ɗana lafiya duk inda ya tashi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.