Laburaren Dokta Isiyaku

Har gobe ina tuna wata safiyar Laraba, gab da faɗuwar damina, shekaru kaɗan bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Lokacin ina jami'ar kwamfuta a ofishin wani shirin aikin gona a Daura, ni da abokin aikina Lawal.

Aikinmu shi ne mu ƙiyasta lokacin da ruwa zai zauna, a sanar wa manoman Baure da Mashi ta rediyo, kada su yi shuka da ruwan farko iri ya ƙone. Lissafin kuwa na Dokta Isiyaku ne, malamin Lawal tun a jami'a, wanda ya yi ritaya ya koma gida Sandamu. Da harshen kwamfuta mai suna Fortran ya rubuta shi, ya tattara shi wuri ɗaya, abin da muke kira laburare. Mu kuma da harshen C muka rubuta sabon shirin kwamfuta da zai riƙa kiran lissafin nasa.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, akwai wata manhaja da ake kira linka. Ita ke ɗinke guntayen shiri su zama abu guda. Duk lokacin da muka gwada, sai ta ce an kira aiki kaza amma ba ta same shi ba. Alhali ga shi nan a ciki, muna ganinsa ƙuru-ƙuru!

A safiyar ne Darakta ya leƙo ya ce, "Hajiya Binta, idan wannan tsohon kaya ya ƙi, ku ajiye shi. Juma'a zan sa a kawo wani lissafin daga Kaduna."

Na ce, "Yallaɓai, na Kaduna bai san ƙasarmu ba. Wannan da ruwan yankin nan aka gina shi."

"To, ku sa shi ya yi magana," in ji shi, ya fita.

Idon Lawal ya kaɗa. Aikin rayuwar malaminsa ne za a jefar, kuma a hannunsa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Muka bi ƙa'ida daki-daki. Muka duba sunayen ayyukan, don Fortran da C ba su ajiye suna iri ɗaya. Lafiya lau. Muka duba yadda ake miƙa lambobi tsakanin harsunan biyu, nan ma babu matsala. Ni kuwa ba ni da haƙuri. Na ce, "Lawal, nuna mini layin umarnin da kake ba linka."

Ina dubawa na ga laburaren Dokta a farko, shirinmu a ƙarshe.

"Me ya sa ka sa shi a gaba?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haba Hajiya, in sa nawa gaban na Malam?"

Dariya ta ƙwace mini har da riƙe ciki. Ita linka sau ɗaya take bin layi, daga hagu zuwa dama. In ta iso laburare alhali ba wanda ya riga ya nemi wani abu a cikinsa, sai ta wuce ba ta ɗauki komai ba, kuma ba ta waiwaye. Da na gama yi masa bayani, sai ya mayar da laburaren baya yana istigfari. Nan take shirin ya haɗu. Kafin azahar sakamako na kan teburin Darakta, maganar Kaduna ta mutu.

Amma hankalin Lawal bai kwanta ba. Ranar Asabar ya matsa mini na raka shi Sandamu. Ya durƙusa gaban Dokta ya ce, "Malam, a gafarce ni. Dole ta sa na shiga gabanka."

Tsohon ya saurari labarin yana murmushi. "Lawal, duk zaman da ka yi a ajina, ka taɓa ganin na amsa tambayar da ba a yi ba? Kai ke da buƙata, kai za ka fara magana. Da ka bar ni a gaba, da ka girmama ni har na tashi a banza."

Abin da nake faɗa wa sababbin ma'aikata ke nan. Ku yi ladabi, yana da kyau. Amma ilimin manya ba ya aiki sai wani ya matso gaba ya nema.