Gogen Tsoho a Tsakar Gidanmu

Lokacin da aka kawo ni gidan mijina a Madarunfa, na tarar ya kori awaki daga ɗakinsu ya lulluɓe bangon da kwalayen ƙwai. A ciki akwai tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da mikro guda biyu, da benci. Wannan shi ne kamfaninsa na waƙa, kuma shi kaɗai ne ma'aikacinsa. Da safe malamin lakwal ne, yana koyar da yara boko. Da la'asar yana ɗaukar muryoyin mutane, ya zuba a katin salula ya ba direbobin hanyar Ɗan Issa.

Abin da ke ba mutane haushi shi ne ba ya barin kowane kiɗa a inda ya same shi. Sai ya ɗora waƙar masunta a kan gita, ko ya haɗa kalangu da fiyano. Uwarsa takan ce, "Ɗan nan, ko tuwo ka samu sai ka zuba mashi shayi."

Wata shekara bayan girbi ya aika amalanke wani ƙauyen Anna, masu bin addinin gargajiya, kusa da Safo, aka ɗauko wani tsoho mai goge. Ran nan kuma ya gayyato samari biyu daga Maradi masu waƙar zamani, irin wadda ake jero magana da sauri. Tsohon ya leƙa ɗakin, ya shinshina, ya ja da baya.

"Malam, nan awaki suka kwana. Gogena ba ya magana a inda babu mutane."

"Baba, a waje hayaniya za ta shiga."

"Ta shiga mana. Mi ta yi maka?"

Haka aka jawo waya har tsakar gida. Ni ina gindin itacen bedi ina dakan hatsin fura, na ajiye taɓarya don kada in ɓata masu aiki. Tsohon ya juyo ya ce, "Ɗiyata, wa ya ce ki tsaya?" Na ci gaba, kunya kamar in nutse. Ya saurari bugu uku ko huɗu, sannan ya ja gogensa daidai da saukar taɓaryata. Samarin da suke ta danne dariya tun zuwansa suka matso kusa. Can ɗayansu ya fara jefa kalmomi a hankali, yana lalube, har ya samu wurin shiga. Maigidana yana tsugune da abin ji a kunne, bakinsa a buɗe. Hatsin nan sai da ya wuce yadda nake so, don ban iya tsayawa ba.

Waƙar ba ta yi wani tashe ba. Dattawa suka ce an lalata goge, yara suka ce ta tsofaffi ce. Direbobi ƙalilan ne suka riƙe ta.

Da damina ta zagayo tsohon ya rasu. Bayan an share makoki ɗiyarsa ta zo da goyo a baya, ta ce an gaya mata muryar babanta tana gidanmu. Maigidana ya zaunar da ita a benci, ya sa mata abin ji, muka fito muka bar ta. Sau uku ta kira shi ta ce a maimaita. Da ta fito sai ta tambayi wadda ke daka a ciki, na ce ni ce. Ta kama hannuna ta riƙe. Na dama mata fura ta sha, maigidana ya ba ta kati guda mai ɗauke da waƙar, ta ƙulle a bakin zane, muka raka ta har bakin hanya.