Kunnen Yaya Garba

Ranar Talatar da ta wuce aka cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana Garba, wanda mutanen Anka suka fi sani da Garba Jita. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka da addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Akwai maganar da nake ɗauke da ita tun bara, kuma wanda ya kamata ya ji ta yana ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ku za ku ji.

Gidanmu gidan allo ne. Baba malami, kakanmu malami, dukanmu da tawada a yatsu muka tashi. Yaya Garba ya sauke karatu, rubutunsa na ajami har ya fi na Baba kyau, sannan ya tafi Kaduna neman aiki. Bayan shekaru ya dawo da sana'ar gyaran rediyo a hannu da kuma jita a kafaɗa. A can ya zauna da makaɗan wani otal ya koyi kiɗan da ake kira jaz. Yaran yanzu idan ka ce jaz sai su zaro ido, don su a wurinsu tsafi ke nan. Kiɗa ne kawai mai natsuwa, na sauraro, ba na tayar da ƙura ba. Baba bai taɓa taka ɗakin da jitar take ba har ya bar duniya. Inna kuwa, da zarar an yi la'asar Yaya ya fara kaɗawa, sai ta kwaso tsintar wakenta ta zauna daidai tagarsa, wai iska ta fi shigowa ta nan.

Bai taɓa kiɗa a biki ba, bai taɓa jona lasifika ba. Shi da ɗakinsa ne, sai tsirkiyoyinsa, wato wayoyin jitar. A kan tsirkiya kuwa Yaya ba ya da wasa ko kaɗan. Shi ya koya mini cewa akwai mai kaushi, wadda ke ƙara idan yatsa ya zame a kanta, akwai kuma mai sulɓi, wadda 'yan jaz ke nema. Masu sulɓin ma kowace ƙasa da halinta. Ta Amurka, in ji shi, tana da baki ranar farko, bayan wata biyu sai ta yi laushi. Ta Ingila ba laifi, amma damina ɗaya ke cinye ta da tsatsa. Ya gwada ta Japan ya ce tana da ladabi, sai dai ba ta da labari. Wadda ya riƙe har zuciya ita ce ta wani kamfani na Jamus, mai kauri, wadda muryarta ke fitowa ƙasa-ƙasa kamar dattijo na magana a zaure. Ni malamin firamare ne, kunnena na alli ne, nakan gyaɗa kai kawai in ce haka ne.

Yana da wani gwangwanin biskit da yake tara ambulan ɗin tsirkiya. Duk wadda ya ɗaura, sai ya buɗe marfin ambulan ɗinta ya rubuta da fensir a ciki, da ajami: ranar da ya ɗaura, yadda ya ji muryarta, da tsawon lokacin da ta yi. Mukan tsokane shi cewa ya mayar da waya ɗaliba, har da yi mata sakamakon jarrabawa.

Ba a sayar da irin wannan kaya a Anka, ba a sayarwa a Gusau. Mai kawo masa shi ne amininsa tun na makarantar allo, wani ɗan kasuwa a Gummi da ke sarin kaya daga Ikko. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da jikoki masu karanta jarida. Mu dai Alhaji muke ce masa. Alhaji bai yi boko ba, don haka duk tafiya Yaya kan ba shi tsohuwar ambulan ya nuna wa masu shago a matsayin samfur. Fiye da shekara ashirin ana haka. Yaya yakan ce a duniya mutum biyu ne suka san darajar kunnensa, Inna da Alhaji.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Yana ta rufe shi a hankali har ya ajiye gyaran rediyo, ya daina rubutun fensir. Bai damu sosai ba. Ya ce mini ai kiɗa ba da ido ake yin sa ba, muddin kunne da yatsa na nan to alhamdu lillahi. Da lalube yake ɗaura tsirkiya, kuma ba ya kuskure.

A wannan tsakanin ne ya fara ƙorafi. Na zo hutu daga Bukkuyum, inda nake koyarwa lokacin, na tarar da shi da Alhaji a ɗakin. Yaya ya kaɗa babbar tsirkiya, ya karkata kai, ya sake kaɗawa.

"Alhaji, wagga tsirkiya ba ta magana. Ka tabbata ta Jamus ta?"

"Haba Garba! Ga ambulan nan hannunka, shafa ka ji. Ni za ni cutar ka?"

Yaya ya juyo inda yake jin numfashina. "Malam Isa, kai mi kaj ji?"

Na ce, "Yaya, ni dai kiɗi nika ji kamar kullum. Wataƙila shekaru na."

Yaya ya shafa wayar da babban yatsa. Can ya ce, "To. Kunnen ya bi idon ke nan."

Bai sake tuhumar kowa ba. Ya ƙara gwada wasu sababbi da Alhaji ya kawo, sau biyu ko uku, duk labarin ɗaya. Daga nan ya goge jitar, ya naɗe ta cikin wani tsohon zanen Inna, ya tura ƙarƙashin gado. Shekara huɗu ya yi bayan haka, yana zaune a ƙofar gida bayan la'asar, hannuwansa a kan gwiwa. Idan ka yi masa magana sai ya ce ka ɗaga murya, alhali ya ji ka sarai. Mutumin da ke gane wanda ya shigo zaure daga ƙarar takalminsa, ya yarda cewa shi kurma ne. A haka ciwon ajali ya same shi. Alhaji na sahun gaba a jana'iza, yana kuka har da shessheƙa.

Bara 'yar Yaya, Hadiza, za ta bi mijinta Gusau, sai ta kawo mini jitar da gwangwanin ta ce in adana. A ciki na tarar da ambulan uku a liƙe, sababbin da Alhaji ya kawo na ƙarshe, waɗanda Yaya bai ko buɗe ba. Na buɗe ɗaya don kawai in ga abin da ya so haka. A cikin marfin, ƙarƙashin busasshen gam, ga rubutun fensir na ajami, hannun da ko a mafarki zan gane: "Na ɗaura ta farkon azumi. Mai taushi, murya a ƙasa. Ta kai ni har kaka." Sabuwar ambulan daga Jamus, da rubutun yayana a cikinta. Na buɗe ta biyu, na buɗe ta uku, kowace da nata rubutun. Tsofaffin ambulan ɗinsa ne, waɗanda yake bayarwa samfur, aka zuba musu wayar kasuwa aka liƙe aka dawo masa da su.

Hanyar Anka zuwa Gummi yanzu ba hanyar da ake bi don nishaɗi ba ce, kowa ya san halin da muke ciki da 'yan bindiga. Duk da haka washegari na shiga mota. Na sami Alhaji a rumfarsa, ya tsufa, yana jan carbi. Na ajiye ambulan ɗin a gabansa, marfin a buɗe. Ya iya karatun ajami, ai allo ɗaya suka wanke da Yaya. Na so ya musa. Wallahi da ya musa da na fi samun sauƙi.

"Shagon Ikkon ya rufe, Isa," in ji shi. "Kunya ta hana ni hwaɗa mai. Kuma ni a ganina waya dai waya ta. Mutumin da ba ya gani, mi za shi bambance?"

Na ce, "Ya bambance, Alhaji. Gabanka ya hwaɗi. Kai kac ce ba ka cutar shi."

Ya ce in yafe masa. Na ce ba ni ya yi wa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokacin da yake shafa gam ɗin nan, rubutun na kallonsa. Ya gani, ya kuma san mai rubutun ba zai gani ba. Da ya ce masa kaya sun yanke, da Yaya ya yi dariya ya ci gaba da tsohuwar tsirkiyarsa har ta tsinke. Ya gwammace amininsa ya ƙaryata kunnensa da ya ji kunyar minti ɗaya.

Na ba Hadiza labari. Sai ta ɗauki hoton ambulan ɗin da wayarta, ta bincika sunan da ke jiki a intanet. Ashe kamfanin na Jamus na nan, nan take ta yi odar tsirkiya. Bayan 'yan makonni ga kaya sun iso Gusau, ta kawo su Anka da kanta. Abin da ya ɗauki Yaya shekara ashirin yana jiran tafiyar wani, yau yarinya ta yi shi tana zaune a kan tabarma. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan zamani, da za ka jera tsirkiyar ƙasa biyar a waya ka saurari kowace kafin ka saya. Na san zai ce lasifikar waya ba ta da kunya, komai a bakinta ɗaya ne. Amma da bai buƙaci amanar kowa ba.

Muka warware zanen Inna. Na kaɗa babbar tsirkiyar da ke jiki, ta Alhaji, ta ce kwas ta mutu nan take. Na ce wataƙila daɗewa ce, na ɗauko wadda ke cikin ambulan da ba a taɓa ɗaurawa ba, ita ma haka. Sannan na ɗaura ta gaskiya yadda Yaya ya koya mini, na kaɗa sau ɗaya. Muryar ta cika ɗakin, ta zauna, ta ƙi tafiya. Hadiza ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Baba Isa, ɗakin Baba ke nan." Ni mai kunnen alli na ji bambancin tun kafin in ɗauke yatsa.

A nan ne fushina ya juyo kaina. Ranar da ya tambaye ni me na ji, ban saurara ba. Na ga ambulan mai kyau, na ga Alhaji da babbar riga, na ga makaho, sai na zaɓi wanda zan gaskata. Shi kaɗai ne a ɗakin nan yake da gaskiya, mu biyu masu ido muka taru muka kayar da shi.

Bai bar faifai ko ɗaya ba, ba wanda ya taɓa naɗar kiɗansa. Abin da ya rage shi ne jita a cikin zane, da gwangwani cike da shaidar mutumin da bai taɓa yi wa waya ƙarya ba. Ranar Talata na je maƙabarta na yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Ni ɗan malamai ne, na san addu'a ce ke isa gare shi, ba labari ba. Amma da na shafa addu'ar, sai na sunkuya na faɗa a hankali, don na san ba ya buƙatar a ɗaga masa murya.

"Yaya, kunnenka lahiya lau. Mu ne kurame."