Takalmin Kawu Saje a Fim

Ku da kuka san Kawu Saje Ilu, kun san bai taɓa ganin abu a duniya bai raba masa jam'iyya ba. Komai ko dai na gwamnati ne ko na adawa. Ruwan sama in ya makara, na gwamnati ne. Akuyar maƙwabta da ke cinye masa zogale, 'yar adawa ce. Ni kaina, ɗan ƙanwarsa guda, ranar da mashin ɗina ya mutu da shi a hanyar Mashi, cewa ya yi da ma ya daɗe yana zargin na sauya sheƙa.

To, shekarar da 'yan fim suka sauka Daura za su ɗauki labarin soyayyar tsohon soja da wata baƙuwa daga Nijar, sai aka ce musu ai wurin Kawu za su samu takalmin soja na asali. Ya ce ya ba da aro, amma da sharaɗi: duk inda takalmin ya je, shi ma yana nan. Wa zai riƙa kai shi? Ni mana!

Ranar farko a bakin rijiyar Kusugu, jarumin ya fito da tumbinsa kamar ya haɗiyi tulu, yana sheƙi. Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Wannan ne ya dawo daga yaƙi? Fim ɗin gwamnati ne. Mu da muka dawo, da igiya muke ɗaure wando."

Washegari daraktan ya so ya gyara, ya sa jarumin ya riƙa firgita yana birgima cikin ƙasa da an buga ƙofa. Kawu ya ce a'a, yanzu kuma 'yan adawa sun saye fim ɗin, so suke a ce duk wanda ya sa kaki taɓaɓɓe ne. Daraktan ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ba mu da wani tsohon sojan a garin. Na ce akwai, amma ba su da takalmi.

Duk wannan wasa ne. Rigimar gaske sai ranar da jarumar ta fito, wai ta tsallako iyaka a ɓoye da buhun shinkafar fasa-ƙwauri, tana Hausa a karkace don a yi dariya. Kun dai san marigayiya Inna Hajara, matar Kawu, daga tsallaken ta zo. Wallahi ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Bai yi ihu ba. Sandarsa ya dogara, ya shiga gaban kamara ana tsakiyar ɗauka, ya tsuguna ya fara kwance igiyar takalmin daga ƙafar jarumin. Bawan Allah yana tsaye da ƙafa ɗaya, bai gama cewa "ina ƙaunarki" ba.

Daraktan ya durƙusa yana ba da haƙuri, ya ce to Baba, yaya ya kamata a nuna ta?

"Da rana tsaka Hajara ta shigo, da ƙwaryar fura a ka, kamar yadda uwarta da kakarta suke shigowa kasuwar garin Babban Mutum. Hausarta ta fi taka. Wata bakwai ina sayen furarta duk ranar kasuwa."

Na ce, "Kawu, ai nono ɓata maka ciki yake yi."

"To da don furar nake zuwa?"

Haka aka jefar da buhun shinkafa aka nemo ƙwarya, sannan ya mayar da takalmin, ɗaya bayan ɗaya, yana harara.

Da fim ɗin ya fito, na kai masa a waya bayan la'asar, muka zauna a zaure. Na shirya jin tsiya, amma har aka gama idonsa na kan wayar. Wurin da yarinyar ta sauke ƙwarya ta ɗago kai, sau uku yana sa ni in mayar baya. Don in tsokane shi na ce, "To Kawu, na gwamnati ne ko na adawa?"

Ya goge ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Wannan na Hajara ne."

Shi ne abu ɗaya da na san ya bari ba jam'iyya. Allah ya jiƙan Kawu Saje, ya yafe masa, ya haɗa shi da Inna Hajara a inda babu iyakar da za a tsallaka. Amin.