Ruwan Teku a Gurbin Kwanukana

Ran da aka kawo akwatin gilashin, kwanukana ne suka tashi. Shekara huɗu suna jere a kan kabad a falo, samira da tasoshin da mahaifiyata ta tara mini tun ina makarantar kwana, kullum ina goge su bayan hantsi. Maigidana ya tsaya a tsakiyar falo ya duba gabas ya duba yamma, ya ce kabad ɗin ne kaɗai zai ɗauki nauyin akwatin, kuma nan ne kusa da wayar lantarki.

Na ce, "Waɗannan fa, ina za a kai su?"

Ya ce, "Ƙarƙashin gado. Kwano ai ba ya numfashi."

Aikin jirgin ƙasa yake yi, yana duba tikiti, ya bi jirgi daga Minna zuwa Ikko ya dawo, wani lokaci kwana huɗu ba ya gida. Muna zaune a kwatas ɗin ma'aikata bayan tasha, mu da yayarsa, wadda ta dawo wurinmu bayan mijinta ya rasu. Wani Bature da ke gaba da maigidana a wurin aiki ne zai koma ƙasarsu, ya bar masa akwatin da ya yi kiwon kifin teku a ciki, da ɗan inji mai hura iska, da magana guda ɗaya wadda maigidana ya riƙe kamar karatun sallah: kifin teku ba ya rayuwa a ruwan daɗi.

Ina kwashe kwanukan ina hawaye. Bakina ya kuɓuce na ce, "To Allah ya sa kifin su kai kwanukana daɗewa." Yaya tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba, amma ta ji, kuma ta ajiye.

Kafa abin ya ci wata guda. Duk tafiya sai ya dawo da kaya: farin rairayi da gutsattsarin kwanson dodon koɗi a buhu, duwatsu masu rami-rami a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, sai ruwan tekun kansa a manyan kwalabe masu saƙar kwando, 'yan dako suna tambayarsa ko turare ne. Ya shimfiɗa rairayi, ya ɗora duwatsu, ya tsiyaya ruwa a kan faranti don kada ya tayar da ƙasan, ya kunna inji. Ya manna jan filasta a jikin gilashi, ya ce nan ne iyakar ruwa. Sannan ya ce sai ruwan ya yi mako biyu yana numfashi kafin a saka kifi. Mako biyu matan kwatas suna shigowa kallon ruwa tsura yana kumfa. Ɗaya ta tambaye ni ko magani ake jiƙa mini.

Kifi shida ya kawo, a bokiti mai murfi. Huɗu masu zane baƙi da rawaya, kamar an yi musu tsagen fuska, biyu masu duhun shuɗi, ƙanana, ba su kai ɗan yatsana ba. A jikin duwatsun kuma akwai wasu abubuwa kamar furanni, amma masu rai, in inuwarka ta gifta sai su tsuke su koma kamar kan kurji. Dokar da ya kafa mini ita ce: in ba ya nan, in kankare ɗan hanta da wuƙa in ba su sau ɗaya a rana. Ruwa kuwa, ko hannuna kada ya taɓa.

Ban yi niyyar son su ba. Amma wanda kake ciyarwa kullum sai ya san ka. Akwai ɗaya cikin shuɗayen, mai gutsuren wutsiya, wanda ya zaɓi wani rami ya mai da shi ɗakinsa. Da ya ga na nufo da wuƙa sai ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa, kamar yarinyar da baƙi suka zo gidansu. In na idar da walaha nakan zauna da carbi a gaban akwatin. Ban taɓa ganin teku ba, kuma ga ɗan yankinsa a falona, da halittun da Allah ya yi wa ado a inda ba mai gani.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san zafin Minna kafin ruwa ya sauka ya san abin da nake nufi, kwanon rufi yana ƙara da tsakar rana. Ruwan akwatin ya fara sauka ƙasa da jan filasta, faɗin yatsa a kwana biyu. Duk sanda ya sauka, maigidana ya ɗauko kwalbar ruwan teku ya cika. Ya sauka, ya cika. Furannin suka fara tsukewa ba su buɗewa. Ɗaya daga masu zane ya kwanta a gefe, washegari na same shi a bayan dutse. Bayan kwana uku wani ya bi shi.

Ran da na uku ya mutu na karya doka. Na tsoma yatsa a akwatin na ɗanɗana, na je na ɗanɗana na kwalba. Na kwalba gishiri ne. Na akwatin har ɗaci yake yi, yana ƙona harshe.

Duk macen da ta taɓa barin miya a kan wuta ta san wannan. In miya ta ja, ruwa ne ya tafi, gishiri yana nan. Ba ka ƙara mata wata miyar, ruwa kake zubawa. A makaranta ma an nuna mana da faranti a rana, amma ni tukunya ce ta fara zo mini a rai.

Na jira ya ci abinci ya sha ruwa, na ce, "Malam, ina da magana a kan kifin nan."

Ya ce, "Kin ƙidaya saura nawa?"

"Gishiri ne ya yi musu yawa. Rana ruwa take sha, ba ta shan gishiri. In aka cika da na randa..."

"Na randa." Ya ajiye kofi. "Yaya, kin ji? Baturen da ya shekara goma yana kiwonsu bai sani ba, sai wadda ba ta taɓa wuce Zungeru ba."

Yaya ta ce daga kan tabarma, "Ai ka auri malama. Mu da ba mu yi boko ba mun san kifin gishiri gishiri yake so."

Ya kama hannuna ya kai ni gaban akwatin, ya nuna mini farin ɓawon da ya bushe a bakin gilashi. Ya ce, "Wannan mene ne? Ba gishiri ba ne yake fita? In yana fita ba sai a mayar ba?" Na ce ai wannan fallatsin kumfa ne, bai kai cikin cokali ba. Ya ce, "Ta yaya kika san ya yi yawa?"

Ya dubi hannuna.

"Kin taɓa ruwan."

Yaya ta gyara zama. Ta ce, "Ni dai tun ran farko na ji addu'ar da aka yi wa kifin nan. Kuma ba a gidan nan ka fi kwana ba. Kana tafiya suna mutuwa, ka lura?"

Gaskiya ne yawanci yana kan hanya suke mutuwa, domin kafin ya tafi ne yake cika akwatin. Amma ba haka suka karanta shi ba. Daga ranar aka karɓe wuƙa da hanta daga hannuna aka ba Yaya. In na shiga falo da tsintsiya sai ta biyo ni ta tsaya. Ya daina ci da ni. In zan wuce gaban akwatin sai ya ce, "Bi ta can." Har omo da kanwa Yaya ta kwashe daga kicin ta kai ɗakinta, in zan yi wanki sai na roƙa ta auna mini. A gidana, a gaban matan kwatas, aka mai da ni macen da ke sa wa dabba guba don haushin kwano.

Lokacin da zai yi tafiya ta gaba saura biyu: mai zane ɗaya da mai gutsuren wutsiya. Shuɗin ya daina leƙowa. Yana bakin raminsa yana buɗe baki yana rufewa da sauri, launinsa ya koma toka.

Na yi tunani sosai. Na san haƙƙin miji, an koya mini tun ina ƙarama, kuma ban taɓa wasa da shi ba. Amma mu muka raba halittar nan da tekunta, muka tsare ta a inda ba ta da hanyar fita, ina kallonta tana ƙonewa a cikin ruwa, kuma na san maganin. Ban ga amsar da zan ba Allah ba in ya tambaye ni.

Yaya takan yi barci bayan azahar, barci mai nauyi da minshari. Na ɗebi ruwan randa wanda ya kwana biyu ya huce, moɗa ɗaya, na tsiyaya a hankali ta kusurwar da kumfa ke tashi. Da safe tana banɗaki na ƙara wata. Haka har kwana huɗu. A rana ta uku fure ɗaya ya buɗe. A ta huɗu Yaya ta jefa hanta, mai gutsuren wutsiya ya fito ya fizga ya koma. Ta ce, "Kin gani, tunda aka cire hannun wasu, lafiya ta samu." Na ce alhamdu lillahi, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Abin da ban lissafa ba shi ne jan filasta. Maigidana ya dawo da la'asar, ko takalmi bai cire ba, ya duba. Kwana huɗu na zafi, ruwa yana daidai iyakarsa. Ya je ya ɗaga kwalba, tana yadda ya bar ta.

Ya ce, "Wa ya cika?"

Da na ce ban sani ba, da wataƙila Yaya za a tuhuma. Na ce, "Ni ce. Na randa ne. Dubi yadda suke yawo."

Bai dubi kifin ba. Ni ya duba. Ya ce, "Kin zuba musu ruwan daɗi a bayan idona, kina gaya mini da bakinki. Sauran huɗun ma haka kika yi musu."

"Wallahi ban taɓa ba."

"Ɗauki mayafinki. Je ki gida sai na neme ki."

Gidanmu a Limawa yake. Na tafi a ƙafa da ƙunshin kaya a ka, Yaya tana bakin ƙofa tana gaya wa matan kwatas cewa yau an kama ni dumu-dumu. Baba ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Kifi?" Na ce kifi. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Saɓa masa da kika yi laifi ne. Gaskiyar da kika faɗa ba laifi ba ce. Zauna."

Na yi mako biyar. A mako na farko maƙwabciyata ta zo, matar makaniki, Kirista ce, mun saba musayar kanwa da barkono ta kan katanga. Hausarta ta kasuwa ce. Ta zauna ta sha ruwa ta ce, "Kifi ya mutu duka." Na ce yaushe. Ta ce, "Yayan mijinki ya ce ruwa ya zama salam, a ƙara gishiri. Mijinki ya zuba na miya, hannu biyu, da idona na gani. Kwana biyu, shi ke nan. Ƙaramin ne ya mutu a ƙarshe." Ta kama hannuna ta ce, "Yanzu kowa ya san ba ke ba. Me ya sa kina kuka?"

Da an ba ni zaɓi, da na zaɓi a ci gaba da zargina shi kuma yana leƙowa daga raminsa.

Da maigidana ya zo biko, ya durƙusa a zaure ya ce ya zo ɗaukar iyalinsa. Baba ya ce, "Kifin fa?" Ya ce, "Zafi ne ya kashe su. Minna ba garinsu ba ne." Baba ya ce, "To." Ni ina bayan ƙofa ina ji.

Na tarar an kwashe yawancin ruwan an kashe inji, ragowar ya ƙafe a cikin akwatin. Falon yana ƙarni. Yaya ta miƙo mini tsumma ta ce tunda na dawo sai in wanke ƙazantar nan. Duwatsun sun yi fari fat, rairayi ya daskare, gishiri ya kwanta a kai kamar ƙanzo a gindin tukunya. Na sa cokali na kankare. Na shiga ƙarƙashin gado na ɗauko ƙaramar samira ɗaya, na zuba gishirin, ta cika har da tozo.

Da yamma na kawo masa tuwo da miya da ruwan wanke hannu, na ajiye samirar a gefe, a buɗe. Ya dube ta ya daɗe. Yaya ta leƙo ta ce, "Wannan kuma wane sabon iyayi ne?" Ya ture samirar da bayan hannu, ya gutsuri tuwo, ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Gobe ki mayar da kwanukanki."

Iyakar abin da na samu ke nan, daga shi har Yaya, har aka yi masa canjin wurin aiki muka bar kwatas ɗin. Kwanukan ban mayar ba. Da aka ɗauke akwatin, na bar kan kabad ɗin fayau, da shatin tsatsar da ƙarfen akwatin ya bari, kullum bayan hantsi ina goge shi a gabansu.