Ranar da Umma Ta Shiga Yaƙin Amurka da Ingila

Yayana ya zo Umra daga Amurka da wani ɗan littafi a aljihun jallabiyarsa, yana ta ɓoye shi kamar wanda ya saci nama a tukunya. Ni kuwa ba a ɓoye mini abu a gidanmu na unguwar Ƙiblatain a Madina. Na kama shi a falo yana motsa baki shi kaɗai, na fizge littafin. Tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasar Amurka ne.

"Yaya, Umma ta sani?"

"Rufa mini asiri, don Allah."

Ba ta sani ba. Tun da ya tafi karatu ya zarce da aikin injiniya, Umma take cewa bana ko baɗi zai dawo, har ɗakinsa ta hana ni komawa ciki. Ban ga laifinsa ba. A Madina aka haife mu, amma babanmu daga Kano aiki ya kawo shi, har ya rasu da iƙama, takardar izinin zama, muke zaune, kullum ana sabunta ta. Yaya ya gaji da takardar da take ƙarewa, ga mata da 'ya'ya biyu a can. Ya yi alkawari tsakaninsa da Allah ba zai shiga jarrabawar ba sai da albarkar Umma. Saura kwana uku ya koma, ƙaton mutum da gemunsa, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Abin ya ba ni haushi.

Washegari bayan la'asar Umma tana zaune a kan darduma tana tsinke ganyen na'ana'a a faranti. Na ɗauko littafin, na ce zan yi masa bita. Da gangan na mayar da tambayar Hausa, na kuma ɗaga murya.

"Me ya sa mutanen Amurka suka yaƙi Ingila?"

Yaya ya watso mini harara. Umma ta ɗago kai.

"Wace Ingila? Turawan da suka ci Kano?"

"Su fa, Umma," na ce.

"Wa ya yi nasara?"

"Amurkawa."

"Alhamdu lillahi! Ashe akwai mai maganinsu." Kakanta yana yaro lokacin da Turawa suka shiga birni, kuma ba ta taɓa yafe musu ba. Ta ture farantin gefe. "Yalla, maza ba ni labarin tun daga farko."

Yaya ya ga ba makawa, ya fara. Ya ce sarkin Ingila yana ƙetaren teku yana ɗora musu haraji, ba tare da an ba su bakin magana a majalisarsa ba. Umma ta ce halinsu ne, ta san su. Ya ce da abin ya ishe su, sai suka hau jiragen ruwa suka tuttular da akwatunan ganyen shayi cikin teku. Nan fa ta riƙe baki.

"Shayi? A teku? La'ilaha illallahu! Wannan ai almubazzaranci ne. Ba talakawa a garin?"

Na yi dariya har da hawaye. Ya ci gaba: manoma da maƙera suka ɗauki bindiga, suka sha sanyi da yunwa, wasu ko takalmi babu, aka yi shekaru ana gwabzawa, daga baya Faransa ta kawo musu ɗauki. Umma tana bi tana cewa madalla, Allah shi ƙara. Wallahi ban taɓa ganin tarihi ya yi wa mutum daɗi haka ba.

Sai ta tambaya, "Su Amurkawan wace ƙabila ce? Wane yare suke yi?"

"Turancin ne dai, Umma," in ji Yaya. "Yawancinsu daga Ingilar kakanninsu suka haye teku neman abinci."

"Au, 'ya'yansu ne?"

"'Ya'yansu ne."

"Suka tafi neman abinci, suka ce sun zama wasu mutane daban?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Murnar ta bar fuskarta. Ta dubi littafin da ke hannuna, ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa. Umma ba ta yi boko ba, amma ba a kai ta rafi a dawo da ita da ƙishirwa.

"Wannan karatun na mene ne?"

Ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabanta, ya faɗa mata komai. Ya ce in ta ce a'a, ya fasa, kuma na san da gaske yake. Tausayinsu ya kama ni su biyun, na fara da-na-sanin dogon bakina.

Umma ta jawo farantin ta ci gaba da tsinke ganye. Can ta ce, "Bayan yaƙin, sun shirya?"

"Sun sake yin wani, har Ingila ta ƙona gidan shugabansu. Amma yanzu ba masu zumunci kamarsu."

"Mutanen nan sun yi wauta. Da sun je sun roƙi uwarsu da ladabi, ai da ba a zubar da jini ba."

"Sun roƙa, Umma. Har takarda suka aika wa sarki. Ya ƙi ko karɓa."

Ta ajiye ganyen da ke hannunta.

"To, ita uwar ce ta yi wauta," in ji Umma.

Ta goge hannunta a gefen mayafi, ta ɗora shi a kan Yaya, a kan furfurar da ta fara fito masa.

"Na so a ce kai za ka ɗauki makarata zuwa maƙabartar Baƙi'a, ya waladi, ɗana. Amma ni ba zan ƙi ba. Je ka, Allah ya yi maka albarka, kai da yaran."

Yaya ya kifa kansa a cinyarta yana kuka kamar ɗan yaye. Ita ko hawaye ɗaya ba ta bari ya gani ba. Ni ce na gan su, da na bi ta kicin na tarar da ita tsaye gaban murhu, ba ta ɗora komai ba.