Faɗin Ƙahon Bijimi

Malamin da yake koya mana labarin ƙasa a makarantar kwana ta Birnin Kudu yana da wata tsohuwar Landiroba. Duk hutun bayan girbi yakan ɗauki mutum biyar daga ajinmu zuwa wani gulbi a cikin duwatsu, gaba da Fagam. Ba don bakina yake sa ni a cikinsu ba, ni da gaisuwa ma take yi mini nauyi. Don littafina ne: komai na gani sai na rubuta.

Babu hanyar mota zuwa gulbin, sai burtali, hanyar shanu tsakanin gonaki. Kafin mu shiga, Malam yakan tsaya a rugar Ardo, shugaban makiyayan wurin, ya cire takalmi, ya miƙa goro, ya tambayi lokacin da shanu suke gangarowa. Sai sun sha sun koma muke wucewa. Mu ɗaura tamfol a gindin tsamiya mu kwana biyu. Sabulu kuwa ba ya taɓa ruwa sai a can ƙasa da mashaya.

Abin da ya hana ni sakat shi ne dalilin da gulbin ba ya ƙafewa, ko a shekarar fari. Kowane zuwa nakan ja layi da ƙusa a jikin wani dutse, daidai inda ruwa ya tsaya. Layi uku na samu, ina son na huɗu.

Na kuma zana taswirar hanyar. Kowace kwana, kowace kuka, har yawan takun da ke tsakaninsu. Ban sa rugar Ardo ba, ban sa goro ba, ban sa lokacin shanu ba, don a aji ba a koya mana zana irin waɗannan ba. Da yayana, akawu a Kano, ya zo sallah da sabuwar Fijo a shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ya ga zanen ya yaba. Ba a saba yaba mini ba. Na kwafe masa da tawada.

Da shekara ta zagayo muka tarar da gungumen kirya biyu a kafe a bakin burtalin. Malam ya kashe mota. Ni kuma na fito na auna tsakaninsu da taku, na rasa gane abin da aka bi aka zaɓi wannan faɗin.

Ardo ya karɓi goron, amma bai yi murmushi ba.

“Malam, ba kai ba ne,” in ji shi. “Mutanen birni ne, mota uku, mota huɗu, kowace Asabar. Su wanke motocin a mashaya, su zubar da baƙin mai. Kwana tara shanuna suna zuwa su shinshina su juya. Kwalba ta yanka mini karsana a kofato.”

“Wa ya nuna musu hanya?”

“Takarda suke riƙe da ita. Ko tsayawa gaisuwa ba sa yi, takardar ta ishe su.”

Na durƙusa na ce, “Baba, ni na zana ta.”

Ya dube ni, ya dubi littafin da ke hammatata. “Ashe kai ne mai layi a dutse. To ɗan boko, ka zana kuka, ka manta mutane.”

Amma tambayar tana cina, sai da na yi ta: da me aka auna tsakanin gungumen? A nan ne ya yi dariya. Ya ce bijiminsu mafi faɗin ƙaho suka tsayar, suka kafa itace hagu da dama. Duk abin da ya fi shi faɗi ba nasa ba ne burtalin.

Na ce, “Har motar Malam?”

“In na buɗe wa ɗaya, me zan ce wa ta biyu? Ƙafa dai ban hana ba.”

Uku daga cikinmu suka ce ba za su ɗauki tamfol da tukunya a ka ba, suka zauna a mota. Ni da Malam da wani muka taka, tafiyar da ta kai mu har azahar. Ruwan ya washe, sai baƙin zobe da ya rage a jikin dutsen, ɗan yatsa biyu sama da layina na bara. Na ja na huɗu a ƙarƙashinsa. Ba mu kwana ba, kuma ajinmu bai sake zuwa ba.

A hanyar dawowa na buɗe taswirar, na sa rugar Ardo a inda take.